Gyaran Da Ya Buɗe Muryar Inna

Ni tun ina koyarwa ba na yarda da wanda ya zo ya ce zai gyara min abin da ban ce masa ya lalace ba. Na ga masu gyaran rediyo, na ga masu gyaran keken ɗinki. Ka kai musu abu yana tari, su dawo maka da shi ko numfashi ba ya yi. Shi ya sa da na yi ritaya daga firamare, ƙungiyar cigaban garinmu ta damƙa min ɗakin adana tarihi a nan Tudun Wada, kwamfutar ɗakin ta fara turo min saƙo wai an fito da sabon gyara in danna in karɓa, sai na ce to, ga wani mai gyaran rediyon ya iso, wannan kuma ko fuska ba shi da ita.

Ɗakin ba wani babba ba ne, ciki ɗaya ne da baranda. Akwai hotunan masu haƙar kuza na Riruwai tun suna samari, wasu da kwano a ka, wasu tsaye a bakin rami. Akwai tsofaffin kasakasai da muka kwashe muka zuba a kwamfuta. Akwai muryoyin masuntan Bagauda, da manoman Kiru, da makiyayan gefen dajin Falgore, yawancinsu ni na bi su da 'yar rikodata na ɗauko. Kwamfutocin biyu ne. Tawa tana ciki, a nan nake shigar da kaya. Ta baƙi tana baranda, da abin ji na sawa a kunne. Duk abin da na shigar a ciki yana fitowa a waje. Mutum ya rubuta sunan garinsu ko rugarsu, hotuna su jeru, ya danna fuskar da yake so ya saurara. Abin da ke yin wannan jeren shi ake ce wa manhaja. Wasu mutane ne can wata uwa duniya suka ƙirƙire ta suke raba ta kyauta, kuma kullum hannunsu na cikinta. Kyautar ma tana cikin abin da ya sa ban saki jiki da su ba.

Mai duba lafiyar kwamfutocin tsohon ɗalibina ne. Ni na koya masa haɗa baƙi da wasali, yanzu ya zama malamin kwamfuta a sakandare, da gemunsa da iyalinsa. In ya tashi daga makaranta yakan biyo, ya durƙusa ya gaishe ni, daga nan ya fara min faɗa cikin ladabi.

"Malama, afdet ɗin nan, gyaran da suka turo, ya kwana biyu yana jira. Me ya hana ki dannawa?"

"Me ya lalace?"

"Ba sai kin ga ya lalace ba. Su suka gano kurakurai suka toshe."

"Su wa? Ka san iyayensu?"

Sai ya yi dariya ya ja kujera. Wani lokacin da gaskiyarsa, ba zan cuce shi ba. Da can in hira ta yi tsawo sai ta katse a tsakiya, tsoho yana cikin ba da labarin yadda rami ya rufta sai ka ji ɗif. Bayan wani gyara da ya yi, hirar ta riƙa kaiwa ƙarshe. Ban ce masa ya yi gaskiya ba, amma ranar na aika aka sayo masa fura. Muka dai yi yarjejeniya: ba za a karɓi wani gyara ba sai ina zaune a wurin.

Akwai abin da ban faɗa masa ba. Wata rana na shigar da hirar wani masunci na manta ban cike gurbin kwanan wata ba. Na fita baranda na neme ta sama da ƙasa, babu. Na dawo ciki, ga ta nan zaune lafiya lau. Na sa kwanan wata, ta fito a waje. Na goge, ta ɓace. Na jima ina kallon abin, daga nan na gode wa Allah, don ya ba ni abin da na daɗe ina nema.

Ba duk maganar da aka ba ni ce ta jama'a ba. Wasu tsofaffin in hira ta yi daɗi sukan zarce, su faɗi abin da ba su yi niyya ba, sai an gama su ce, wannan kuma a ajiye sai bayan raina. Manhajar tana da nata kulle, ban ce babu ba. In ka kulle abu, sunansa da hotonsa suna nan a jere, sai dai a maƙala musu ɗan hoton kwaɗo a gefe. Wanda ya tsara wannan bai taɓa zama a garinmu ba. A nan, kwaɗo kira ne. Dattijo ya ga fuskar yayarsa da kwaɗo a kai, gobe da safe yana ƙofar gidana da carbinsa, ya gaishe ni, ya tambayi yara, ya ce, "Malama, ai ni ba baƙo ba ne." Da wane baki zan hana shi? In na hana shi ma, kafin azahar gari ya ɗauka cewa wance ta faɗi abin da har sai da aka sa masa kwaɗo. Abin da babu shi kuwa, ba mai roƙonsa. Don haka duk wata amana da aka ba ni sai in bar gurbin kwanan watanta fayau, ta kwanta a ciki, baranda ba ta san da ita ba. Ban faɗa wa ɗalibin nawa ba don na san halinsa. Zai ce kuskure ne, ya rubuta wa mutanen nan, su zo su toshe min.

A cikin amanonin nan, wadda ta fi yi min nauyi ita ce ta Inna.

Inna tsohuwa ce Bafulatana a wata ruga bayan Falgore, inda sai ka sauka daga mota ka hau babur ya yi ta kurɗawa da kai ta hanyar shanu. Na je wurinta ne in ɗauki labarin tallan nono na da, da yadda burtali ya riƙa matsewa. Ta ba ni wannan kuwa, har da waƙar da suke yi in suna kaɗa nono. Maza sun fita da shanu, mata sun tafi rafi, rugar ta rage daga ni sai ita sai kaji. Ban san me ya taɓa ta ba, sai ta karkata ta shiga maganar ɗanta na fari.

Wanda ya tashi a nan ya san kunyar ɗan fari. Mu Hausawa muna yi, ni kaina har yau ban iya kiran sunan nawa gatsal a gaban mutane ba. Amma ta su Inna ta fi tamu tsauri nesa ba kusa ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa. Yanzu ya yi furfura, a gidansa take zaune, shi ke ciyar da ita, amma in za ta ambace shi sai dai ta ce "wancan".

Ta ce min lokacin da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami, a bukkar kakar aka kwantar da shi, ita kuma ba dama ta shiga ta zauna a kansa ana gani. Sai ta riƙa ɗaukar tsintsiya tana share bayan bukkar, wurin da babu ko ganye, don ta ji ko yana numfashi. Ta ce da ya warke ya rame, sai ta riƙa cura man shanu a 'yar ƙwarya ta ɗora a kan wani turke, ta tafi kamar ta manta. Shi kuma ya laɓaɓo ya lashe, a zatonsa sata yake yi. Wani lokacin har ta yi ta faɗa a tsakar ruga, wai wane ɓarawo ne ya shanye mata mai, don kada kowa ya gane. Da ta zo nan sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da tarin ya lafa, ta yi shiru, sai kawai na ji ta kira sunansa. Ta kira a hankali, ta sake kira, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Na sunkuyar da kai, don ni ma kunya ta kama ni.

Daga nan ta dawo hayyacinta, ta kama hannuna.

"Ɗiyata, wannan amana ce. Sai an kai ni makwancina za ki ba shi. In ya ji ina da rai, da wane ido zan ƙara fitowa daga ɗakin nan? Wallahi tattara ƙoraina zan yi in koma Kiru wajen ƙanena, in mutu a can."

Ba barazana take yi ba, na san irinsu. Tsohuwar da ke jan ƙafa ɗaya, za ta bar ɗakinta da jikokinta da kabarin mijinta ta tafi ta zama baƙuwa a gidan matar ƙane. Na ce mata, "Inna, na karɓa." Na dawo na shigar da hirar da hotonta, na bar kwanan wata babu komai.

Shi kuwa ɗan nata ba baƙon barandarmu ba ne. Duk ranar kasuwa in ya gama da kara, wato wurin cinikin dabbobi, yakan biyo. Akwai hirar mahaifinsa da aka ɗauka kafin ya rasu, tana cikin kasakasan da muka kwashe. Boko bai dame shi ba, amma ɗalibina ya koya masa rubuta sunan rugarsu harafi bayan harafi. Sai ya jingine sandarsa, ya cire malfa, ya sa abin ji a kunne, ya danna fuskar tsohonsa. Nakan leƙe shi ta taga ina jin wani iri, don na san muryar uwarsa tana bayan bango ɗaya da shi.

Ana haka autata ta haihu a Bebeji, da kaka ne, ana yankan dawa. Na tafi wankan jego. Na bar wa maigadi mukulli ya riƙa buɗe baranda, na ja wa ɗalibina kunne kada ya taɓa komai. Sai da aka yi arba'in na dawo.

Ranar da na koma ɗakin, ɗalibin nawa ya zo da fara'arsa har kunne.

"Malama, na yi miki tsaraba. Mutanen nan sun aiko da gyara na gaggawa, wai an gano wata ƙofa da ɓarayin intanet za su iya shiga su share komai. Na kira ki, kika ce to."

"Ni na ce to?"

"Kin ce to, to. Jaririya tana kuka a lokacin."

"Jaririyar nake ce wa to, ba kai ba."

Ya share wannan ya ci gaba. "Kuma kin san wani abin daɗi? Ashe akwai kayanmu da yawa da ba sa fitowa a waje. Duk abin da ba shi da kwanan wata manhajar tana tsallake shi. Kuskure ne, sun gyara. Yanzu duk sun dawo."

Na fita baranda ko takalmi ban sa ba, na rubuta sunan rugar. Jeren ya fito. Da yake marasa kwanan wata ake fara jerawa, fuskar Inna ce a sama, gaban ta mijinta, tana kallona.

"Tun yaushe?"

"Tun satin suna."

Ban taɓa yi wa yaron nan tsawa irin ta ranar ba tun yana aji uku. Da na yi masa bayani ya zauna daɓas ya riƙe kai. Ya ce me ya sa ban faɗa masa ba. Na ce me ya sa su ba su tambaye ni ba. Ya ce mutanen da ke wata ƙasa ina za su san wata Malama a Tudun Wada ta mai da kuskurensu rumbu. Na ce wanda bai san me ke cikin rami ba, wa ya aike shi ya cike shi. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

A ranar muka kwashe amanonin duka daga kwamfutar, muka zuba a filash, na kai gida na sa a ƙasan adakata. Sannan na ce ya duba min ko an buɗe su. Ya ce manhajar tana rubuta ranar da aka buɗe abu, amma ba ta san fuskar mai buɗewa ba. Ya duba. Sauran ba wanda ya taɓa su. Ta Inna kuwa an buɗe ta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk ranar kasuwa tun daga satin suna, ana buɗe ta, kuma ana sauraro har ƙarshe.

Da ranar kasuwa ta mutum ɗaya ce, da magana ta ƙare. Amma ranar ce baranda ke cika. 'Yan sakandare suna zuwa in an ba su aikin tarihi. Telan da ke maƙwabtaka da mu yana shigowa cajin waya, kuma yana jira yana danna duk fuskar da ta burge shi. Masu tallan nono na rugagen Falgore suna hutawa a inuwarmu, a cikinsu har da matar jikan Inna, wadda ta yi firamare, ta iya rubutu sarai. Na tambayi maigadi wa da wa ya gani. Ya ce, "Mutane dai suna zuwa, Hajiya." Idonsa ma ya yi yana, ban san me ya sa na ɓata bakina ba.

Daga ranar kowa ya zama abin zargi a wurina. Tela ya gaishe ni da murmushi, in ce wannan murmushin ya yi yawa. Matar jikan ta rage min kuɗin nono, in ce me take so ta rufe. Na koma mai zama a wurin masu fura, abin da ban saba ba, in sayi kindirmon da ba na buƙata, in kasa kunne ko zan ji an ce tsohuwar rugar kaza ta kira sunan ɗanta a cikin inji. Abin da ya fi ci min rai, ba ni da damar tambayar kowa. In na ce, "Ka ji wata hira ta Inna?" na riga na faɗa masa akwai ta.

Ranar kasuwa ta zagayo, ga ɗan Inna ya shigo da sandarsa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya yi min barka, ya tambayi mai jego da jaririya. Ya zauna ya rubuta sunan rugar. Na maƙale a jikin taga ina kallon bayan wuyansa. Jeren ya fito, babu Inna. Na ga kamar hannunsa ya tsaya, na kuma ga kamar bai tsaya ba. Ya danna fuskar mahaifinsa, ya saurara, ya shafa addu'a, ya ɗauki malfarsa.

"Malam, yau ba ka daɗe ba," na ce masa.

"Akwai saniyar da ba ta da lafiya, Malama. A gaida gida."

Na ƙura wa fuskarsa ido har ya juya. Ban samu komai ba. Bafulatani in ya ga damar rufe fuska, kwaɗon kwamfuta wasan yara ne.

Makonni suka wuce ba ƙishin-ƙishin ko ɗaya. Maimakon hankalina ya kwanta sai ya ƙara tashi. Da tela ne ya ji, da tuni an kai labarin har Doguwa. Da 'yan makaranta ne, da sun kwaikwayi muryarta suna dariya a hanya. Wanda ya ji abin nan mutum ne mai iya haɗiye magana, kuma ina sane da mutum ɗaya da ya gaji hakan ta wajen uwa.

Na kasa haƙuri, na shirya na tafi rugar da sunan na kai wa Inna sabulu da tsarabar suna. A kan babur ban da addu'a ba abin da nake yi, Allah ya sa kada in tarar da ƙorai a ɗaure. Na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ƙoranta suna jere a inda suke. Muka gaisa, ta tambayi kowa da kowa har da kajina. Muna cikin hira sai ta miƙa hannu kan wani tsohon turke da ke gefen ƙofa, ta ɗauko ƙunshin ganye. Goro ne fari, manya, da sabon magogi, ɗan gwangwanin nan mai huji-huji da marasa haƙori ke goga goro a kai.

"Kwanan nan ana yawan mantuwa a gidan nan," ta ce, tana gogawa. "Duk washegarin kasuwa sai in tarar wani ya manta da goro a kan turken nan. Na tambaya, kowa ya ce ba nasa ba ne."

Na ce, "Ƙila yara ne."

"Yara." Ta tattara garin goron a tafin hannu. "Yaran yanzu sun yi arziki."

Can nesa ina hango ɗan nata a gindin wata ɗorawa, ya ba mu baya yana tufkar igiya. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba, ita ma ba ta kalli wajen ba. Sai ta ɗago ta dube ni, irin kallon da nake yi wa ɗalibi in ya ce akuya ta cinye littafinsa.

"Ɗiyata, amanata tana nan?"

"Tana nan, Inna. Tana ƙasan adakata."

Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa jin gaskiya ta yi min ɗaci a baki kamar wannan ba. Ta daɗe tana kallona. Na jira ta tambayi inda take kafin ta shiga adakar, kuma na san in ta tambaya ba zan iya yi mata ƙarya ba. Ba ta tambaya ba. Ta zuba goron a baki, ta ce ruwan bana ya yi wa gero yawa.

Na dawo gida ban san wa zan zarga ba kuma. Ina zarginsa ya ji, ina zarginta ta gane, ina zargin dukansu sun mai da ni sakarai. Duk ranar kasuwa sai na tare matar jikan na tambaye ta lafiyar Inna, abin da nake so in ji shi ne ko ta fara maganar Kiru.

A ɗakin tarihi kuwa doka ta canza. Gyara bai daina zuwa ba, mutanen nan ba sa gajiya. Amma yanzu in ya zo, ɗalibina yana zama ya karanta min duk abin da suka ce sun taɓa, layi bayan layi, ya fassara da Hausa, ni kuma ina tambaya kamar alƙali. Daga nan ya gwada a tasa kwamfutar, in fita in duba da idona, sannan a sa a tamu. Yakan ce na fi masu manhajar wahalar sha'ani. Nakan ce ai su ba wanda ya kama hannunsu ya ba su amana.

Inna ta ƙara ganin damina ɗaya. Da kaka ta sake zagayowa ta kwanta, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. A ɗakinta ta rasu, aka binne ta kusa da mijinta. Na je gaisuwa, na yi kuka sosai, har wasu suka ɗauka 'yar uwa ce.

Bayan sadakar arba'in, ranar kasuwa, ɗan nata ya biyo baranda. Na ce masa, "Malam, shigo ciki, akwai saƙonka." Bai tambaye ni na wa ba. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya ƙi kujera. Na ciro filash ɗin daga bakin zanena na sa, na kunna sifika. Na so in fita in ba shi wuri, amma zargin da ya daɗe yana cina ya zaunar da ni.

Muryarta ta cika ɗakin. Tallan nono, burtali, waƙar kaɗa nono. Kansa yana ƙasa. Da ta zo kan ƙyanda na lura da leɓensa. Motsi suke yi. Na ɗauka addu'a ce, na ƙara dubawa. Maganarta yake faɗa, kuma yana riga ta. Kafin ta ce tsintsiya ya ce tsintsiya. Kafin ta yi dariyar ɓarawon mai, gefen bakinsa ya riga ya motsa. Inda tari ya sarƙe ta ya dakata yana jiranta ta huta. Da shirun nan ya zo, kafin ta buɗe baki, ya runtse ido ya damƙe sandarsa da hannu biyu.

Ta kira shi. Ta sake kira.

Sai a lokacin na tuna ban kashe rikodar ba sai da ta gama ja min kunne. Maganar amana tana ciki, da ƙorai, da Kiru, da "na karɓa" da na ce mata. Muka saurara tare har ƙarshe.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun kina Bebeji."

"Ka bar ni ina ta rama a tsaye, ba ka ce komai ba."

"In na faɗa miki, fuskarki za ta faɗa mata, Malama. Ke ba Bafulatana ba ce." Ya goge ido da gefen rawaninsa. "Kin ji da kunnenki inda ta ce za ta tafi. Ƙafarta ba za ta kai Kiru ba."

A waje tela yana ta surutu da maigadi a kan caji. Can ya ɗago, karo na farko tun da na san shi ya dube ni ido cikin ido.

"Ke kin zauna da ita. Ta gane?"

Na daɗe ina juya tambayar, don ni ma ita ce ta hana ni sakat tun ranar da na ga turken nan.

"Ban sani ba, Malam. Na dai ga ta ci goron, kuma ba ta tafi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi kwamfutar.

"Mayar min wurin da ta kira ni."

Na mayar masa, na tashi na fita baranda, na ja musu ƙofa.